Gwaggo Mai Baƙin Kunu

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Wannan ban taɓa ja da shi ba. Gwaggo ta tsufa, ta gaji, rai ya yi halinsa wata Laraba da hantsi, kanta a kan cinyata. Ba mutuwarta ce ta hana ni sukuni ba. Abin da ya hana ni sukuni maganar da kunnena ya ji ce a tsakar gidanmu, tun ba a fita da makara ba.

Mata sun cika gidan, gidan da shekara da shekaru ba mai taka ƙofarsa sai tsohuwar Babarbariya maƙwabciyarmu. Wata ta zo da gorar ruwanta don kada ƙishirwa ta kai ta ga randarmu. Wata ta zo da ɗanta a goye, wuyansa cike da layu, duk inda ta juya sai ta kare shi daga ƙofar ɗakin gawa. Da aka zo wanka kowa ta sunkuyar da kai, wannan ta ce bayanta na ciwo, waccan ta ce ba ta iya ba. Ni da Babarbariya muka yi mata, ita da hannunta mai rawa, ni da nawa da bai taɓa wanke mamaci ba.

Muna fitowa na tarar da matar Baffa, wato matar ƙanen mahaifina, ta fi kowa kuka. Da ta share hawaye sai ta ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji, ta ce ita dai ta yafe wa marigayiya duniya da lahira. Sauran suka amsa mata kamar masu amshin waƙar daka, mun yafe, mun yafe. A waje na ji liman yana cewa Allah mai rufa asirin bayinsa ne, a bar tone-tone. Ɗan Baffa, wanda ya kama gaban makara, hawaye har gemunsa.

Na buɗe baki, Babarbariya ta matse mini hannu, ta ce in bari a rufe ta tukuna. Na bari. Yanzu an rufe ta, an yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, an cinye gumbar sadaka. Tun da su sun yafe, ni bari in faɗi abin da ta yi musu, don yaran Matameye da aka hana gaishe ta su san wadda aka hana su.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ce babba a ɗakinsu, sai Babana, sai Baffa auta. An kai ta aure Dungu, ta haihu, 'ya'yan ba su tsaya ba, mijin ma ya bi su. Ta dawo gida da akwatin kaya mara nauyi da wani ƙullin iri da uwar mijinta ta ba ta, irin baƙin riɗi. A nan kowa farin ya sani, na kantu da na miya. Babana ya yanka mata gayauna a gefen gonarsa, ta shuka. Da uwata ta rasu ina ƙarama, ita ta ɗauke ni.

Kada wani ya ce na mai da ita waliyyiya. Gwaggo masifaffiya ce. Bakinta kamar barkono, ba ta san sannu-sannu ba, in ka yi wauta a gabanta sai ta faɗa maka ko da surukinka na zaune. Furen taba da goro sun rina haƙoranta ja, fuskarta duk tabon agana da ta yi tun tana yarinya. Ba ta dariya sai da dalili. Ni kaina na sha muciya a gadon baya, yawanci a kan riɗin nan.

Ga yadda take yi. Ta rairaye riɗin sai ba yashi ko ƙwaya, ta shanya a faifai, ta soya a kasko da wutar kara, ba ta yarda da itace mai garwashi ba. Ba ta duba da ido, kunne take kasawa, da ya fara tsalle yana ɗan ƙara sai ta sauke. Ta daka shi a ƙaramin turminta har ya kwanta ya fito da mai. Gero kuwa surfaffe, jiƙaƙƙe, a niƙa a dutse a sake niƙawa. Ta haɗa ta tace, ta dama a tukunya ba ta ɗaga hannu, ta jefa ɗan gishirin Balma, in akwai zuma ta ɗiga. Ya fito baƙi-baƙi kamar hadarin gabas, santsi kamar man shanu. Mai lafiya ba ya samu ko ya roƙa. Takan ce, wanda ke iya tauna tuwo ya je ya tauna. Na wanda maƙogwaronsa ya rufe ne, da tsohon da haƙori ya ƙare, da mai jegon da jini ya tafi da ƙarfinta.

Ba ta tambayar mara lafiya ko zai sha. Ta zauna, ta tada kansa a kafaɗarta, ta sa ludayi a baki tana yi masa faɗa, wai shi wane ne da zai mutu ya bar mutane da aikin gona. Da yawa don tsoron bakinta suka haɗiye, haɗiyar kuwa ta tashe su.

Shekarar da agana ta shigo gari aka kafa wa masu ita bukkoki a bayan gari, 'yan'uwansu na ajiye abinci daga nesa su juya. Gwaggo ta ce ita cutar ta riga ta ci rabonta a fuskarta, ba abin da ya rage mata. Kullum da safe ta ɗora ƙwarya a ka ta nufi can, ta shiga bukka bukka. Wasu sun mutu a hannunta, wasu suna nan da ransu. Matar da ta zo ta'aziyya da gorar ruwanta, mijinta a cikin bukkokin nan yake, Gwaggo ce ta ɗura masa kunu da tsinken kara lokacin da leɓɓansa suka manne.

Akwai ranar da ta tarar da wanzami zai kafa wa wata mai jego ƙaho, alhali yarinyar ta yi fari fat. Ta tattara ƙahonin da jakar ta watsa su bayan danga, ta ce jinin da ya rage a jikinta bai isa sauro ya karya kumallo ba. Wanzamin bai manta ba. Haka ta yi ta tara masu jin haushinta, ba ta kuma damu ba.

Babbar rigimarta da matar Baffa ce. Lokacin da Kaka, uwarsu, ta kwanta ciwon ajali a gidan Baffa, Gwaggo ta je ta tarar an ajiye mata tuwon jiya da ruwa a gefe, tsohuwar da ko koko da ƙyar take haɗiyewa. Ta ɗauki akushin ta fito tsakar gida, a gaban baƙi, ta ce wa matar Baffa ta ci ta gani in ita za ta iya. Ta goya uwarta a baya kamar jaririya ta kawo ta gidanmu, a nan ta cika. Matar Baffa ta haɗiye wannan, amma bai narke ba. Duk da haka, da ta tashi yaye ɗanta na fari, ɗakin Gwaggo aka kawo shi, don ba wadda ta iya yaye kamarta. Da baƙin kunun nan ya manta da nono. Tare muka tashi da shi, a tabarma ɗaya.

Babana yana raye ba wanda ya isa ya ɗaga wa Gwaggo murya. Ya rasu, ni kuma na yi aure a unguwar gaba. Ɗan Baffa ya girma ya zama masaƙi, ya ajiye iyali. Ƙarshen wata damina zazzaɓi mai zafi ya kayar da shi, ya daina ci, ya daina gane mutane. Cikin magagin ciwo sai ya fara kira: Gwaggo, Gwaggo.

Kowa a garin nan ya san abin da ake cewa, wai wanda maye ya kama kurwarsa, sunan mayen yake kira. Kowa kuma a gidan nan ya san a ɗakin wa aka yaye shi, ya san abin da bakinsa ke nema. Amma matar Baffa ta fito ƙofar gida ta ɗora hannu a ka, ta ce jama'a su zo su ji da kunnensu. Wanzami ya ce shi dama ya daɗe yana zargi, wane irin abinci ne baƙi. Aka tuna waɗanda suka mutu a bukkokin agana, aka manta da waɗanda suka tashi.

Da rana tsaka aka je aka taho da Gwaggo. Labari ya same ni ina daka, na yar da taɓarya na ruga. Na tarar an shimfiɗe ɗan Baffa a tsakar gidansu, mutane har kan danga, an ce sai ta tuɓe ta tsallake shi don ta sakar masa kurwa. Baffa yana tsaye a bakin rumbu, yana kallon ƙasa. Yayarsa ce, wadda ta goye shi. Na faɗa gabansa na ce ya yi magana, ya ce mini wannan ba zancen yara ba ne.

Na riƙe Gwaggo na ce kada ta yi, in ta tsallaka ta amsa ke nan. Ta dubi wanda ke kwance, leɓensa ya tsage, idonsa ya faɗa. Ta ce mini:

"Sake ni. In na tsaya gardama rana za ta faɗi bai sha komai ba."

Ta kwance kallabi, furfura ta bayyana. Ta kwance zane, ta tsaya da ɗan fatari, tsohuwar da ko ni ban taɓa ganin gwiwarta ba. Ta tsallake shi. Akwai waɗanda suka yi guɗa. Na ga fuskokinsu, na san su ɗaya bayan ɗaya, wasunsu sun ci gumbar sadakarta.

Ta ɗaura zanenta ta koma gida. Na bi ta ina kuka, na tarar har ta ɗora kasko. Ta dama, ta rufe da faifai, ta miƙo mini ta ce in kai. Na ce wallahi ba zan kai ba, su mutu su duka. Ta ce na kwance ba a faɗa da shi, in ɗauka kafin ya huce. Na kai. Matar Baffa ta karɓa, don an gaya mata dole mayya ta ba da wani abu daga hannunta kafin kurwa ta dawo. Ya ji ƙamshin, ya buɗe baki. Washegari na sake kaiwa, da jibi, har ya zauna, har ya miƙe.

Tashinsa shi ya gama da ita. Aka ce to ga shaida, ta tsallaka ya warke. Da ya mutu da an ce ta cinye shi, da ya rayu aka ce ta sake shi. Ku gaya mini ta wace ƙofa za ta fita.

Da ya koma kan masaƙa na same shi a rumfarsa, na tambaye shi me yake nema da yake kiran sunanta. Ya ce shi mafarkin ɗakinta yake yi, yana jin yunwa. Na ce to ya fito ya gaya wa mutane. Ya ce yaya zai mai da uwarsa maƙaryaciya a gari. Ya ci gaba da jefa ƙoshiya, bai sake ɗago kai ba.

Na je wa Baffa da abin da kowa ya sani, cewa maita a nono ake shan ta. Na ce nono ɗaya suka sha da Gwaggo, in ita mayya ce shi mene ne. Ya fusata, ya ce ba gado ta yi ba, a Dungu ta saya, in ba haka ba ina 'ya'yanta, me ya cinye su. Wannan maganar ta zaga gari ta dawo kunnenta. Ranar ce kaɗai na ga murhun Gwaggo ba wuta. Ta zauna bakin ƙofar ɗakinta tun safe har la'asar, hannuwanta a cinya, tana kiran sunayen yaran nan a hankali, sunayen da ban taɓa jin ta ambata ba.

Daga nan gari ya juya mata baya. In ta je rijiya mata su janye guga. Ranar kasuwa in ta tsaya gaban mai daddawa sai ta rufe kayanta. Yaran da ta yaye aka koya musu tofa yawu in sun wuce ƙofarmu. Uwar mijina ta ce in zaɓa, ko gidan ɗanta ko gidan mayya. Mijin nawa mutumin kirki ne amma ba shi da baki. Na naɗe tabarmata na dawo wurin Gwaggo, ta yi mini faɗa kamar za ta cinye ni, ta ce wa ya aike ni. Amma ta share mini gefen ɗaki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ciwo bai daina shiga gidajensu ba. Sai mace ta tare ni a hanyar gona, ta duba gabas ta duba yamma, ta ce tsohonsu ya kwana biyu bai ci ba, ko zan taimaka, amma in ce ni na dama. Maita ba ta bi ta wajen uba, saboda haka hannuna halal ne, nata haram. Har daga ƙauyen Dawce an aiko. Gwaggo ta rairaye, ta soya, ta daka da hannunta da ya fara kumbura, ni in ɗauka a ka in shiga gida a yi mini godiya, a ce Allah ya yi mini albarka da ban gado halin gwaggona ba. Sun sani sarai. Sun san ba ni da gayauna, sun san hayaƙin wane kasko ke tashi.

Na sha yi mata faɗa a kan haka. Na ce ta bar su su ɗanɗana rashinta ko na damina ɗaya. Takan ce in rufe mata baki, ni ban taɓa zama da yaro a cinya yana neman abin da zai haɗiye ba. Ba haƙuri ba ne irin wanda ake yabo a wa'azi, don tana dakan tana zaginsu, su da iyayensu da kakanninsu, kowa da sunansa. Sai ta gama zagin ta ɗiga zuma.

Shekarun ƙarshe ƙafa ta ƙi, ido ya yi hazo. Ni nake noma gayaunar, ita tana zaune tana kasa kunne ga kasko. Ba wanda ya zo dubiya. Baffa gidansa ba nisa, kiran salla ɗaya muke ji, bai leƙo ba. Daf da cikawa ta tambaye ni ko autansu ya zo. Na ce yana hanya. Ta ce ƙarya nake yi, amma ba komai, in gyara mata kai.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki sai ga matar Baffa a ƙofarmu, ita kaɗai, ta yi sallama a hankali. Ta ce Baffa ya kwanta, ko ruwa da ƙyar. Ba ta faɗi abin da ta zo nema ba, ta tsaya tana kallon turmin. Na bar ta a tsaye har ta gaji ta tafi. Na rantse a raina ba zan yi ba. Na zauna, na tashi, na zaga gida, sai na ga hannuna ya riga ya ɗauko faifai. Na dama ina zagi, na gane ashe har wannan na gada.

Ban bi ta lungu ba. Na ratsa ta bakin kasuwa da ƙwarya a buɗe, duk wanda ya kalla na ce masa kunun Gwaggo ne, riɗin gayaunarta, gidan ƙanenta za ni. Na tarar da masu dubiya a ɗakin, har da liman da ɗan Baffa. Na tada kan Baffa, ya yi sauƙi kamar kara. Na sa masa ludayi. Ya haɗiye, ya sake haɗiyewa, ya lumshe ido. Sai ya ce, da muryar da kowa ya ji:

"Bai kai na bara ba."

Ni ban kawo komai gidan nan bara ba. Tun shekarar tsallaken ban sake taka shi ba. Na dubi matarsa, ta juya fuska. Na ajiye ludayi na ce:

"Baffa, ga Malam a zaune. Gaya masa wa ya dama na bara."

Ya buɗe ido ya dubi Malam. Sannan ya ce, "Yaya ce." Ya ce duk shekara in ciwon ƙirjinsa ya tashi, Babarbariya ke kawowa a ƙarƙashin mayafi, ranakun da nake gona. Ya ce tun shekarar da abin ya faru ba ta taɓa fashi ba. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ɗan Baffa ya tashi ya fita. Matar Baffa ta fara kuka, na ce ta yi shiru mara lafiya na cin abinci. Na ba shi sauran har ƙwarya ta ƙare.

Da na dawo na shiga wa Babarbariya da faɗa. Ta ce Gwaggo ce ta sa ta rantse, don ta san in na ji zan fasa turmin. Gaskiyarta, da na fasa. Har yau ina jin haushin Gwaggo a kan wannan, ina kuma jin haushin ba ta nan balle in gaya mata.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya sada ta da 'ya'yanta da aka ce ta cinye. Baffa kuwa gobe ma zan kai masa, da jibi, da gata. Abin da ya faɗa a ɗaki ya faɗa, gaban mutane kaɗan, ita kuwa a gaban gari aka tuɓe ta. Ba zan bari ya mutu ba sai ƙafarsa ta iya kai shi ƙofar masallaci ranar Juma'a, ya maimaita a gaban gari.